Tafin Hannu a Yashin Agusta

Ranar Litinin da la'asar aka tsinci Haji Dakil kwance a kwarin da ke bayan filin wasan harbe-harbe da bindigar fenti, tumakinsa sun zagaye shi, rabin fuskarsa rawaya, rabi jini. Kafin a isa da shi asibiti a Madaba idonsa na hagu ya riga ya tafi. Taku arba'in daga inda ya faɗi aka ga bindigar fenti mai lamba sha huɗu yashe a gindin ƙaya, da jan zare ɗaure a bakinta.

Babu wanda bai san jan zaren nan ba a Ummul Butum. Nizar ne ke ɗaura shi a kan duk bindigar da ta lalace take jiran gyara. Nizar kuwa mutumin Siriya ne, ba shi da dangi a garin, daga shi sai matarsa da 'ya'ya mata biyu a ɗaki guda bayan filin. Kafin a kira magariba an gama yanke masa hukunci a bakin kowane shago.

Mai gari ya karɓo lamunin kwana uku da sulusi daga gidan Haji Dakil, wato ba mai ɗaukar fansa har ya ƙare, kamar yadda ake yi in jini ya zuba. Ya hana kowa shiga kwarin, ya sa aka kife 'yan sawun da aka gani da kwanoni. Kyaftin Rakan, mai filin, ya kulle Nizar a sito, wai don kare lafiyarsa. In lamunin ya ƙare ba a samu wani ba, za a miƙa shi ga hukuma, kuma kowa ya san takardun zamansa a ƙasar ba za su ɗauki wannan nauyin ba. Shi da iyalinsa sai tsallaken iyaka.

Ranar Alhamis da safe, ranar ƙarshe, aka tura mota ta ɗauko Suwailim Abu Hazza.

Shekara talatin da ɗaya Suwailim ya yi yana bin sawu wa sojan iyaka. Yanzu gwiwoyinsa sun gama yawo, ciwon suga ya fara taɓa masa ido, kuma sau biyu yana aika wa mai gari cewa a nemi wani. Da aka ce masa babu wani, ya ɗauki sandarsa.

A bakin filin ya tarar da Mifli, ɗan baffansa, mai gadin wurin, sanye da safar hannu ta aiki yana fama da waya mai ƙaya. Tare suka shiga soja, tare suka fito.

"Ɗan baffa, ashe kana nan da rai," in ji Mifli, ya miƙo masa kunci suka gaisa.

"Ina jiran ka fara tafiya. Ka girme ni da wata huɗu."

"Mutumin nan suka ɗauko ka dominsa? Wahala kawai. Zarensa ne a jikin bindigar."

"To mu ga zaren," in ji Suwailim, ya wuce.

* * *

Kyaftin Rakan ya karɓe shi a ofis, fanka na juya iska mai zafi. Tsohon hafsa ne, ya zuba duk abin da ya tara a filin nan, yanzu kwana uku ko mota ɗaya ba ta shigo ba.

"Litinin ba ma buɗewa, Abu Hazza. Ina Amman tun safe."

"Makullin ɗakin gyara fa?"

"Ƙarƙashin tayar da ke bakin ƙofa. Hatta mai kawo mana ruwa ya sani." Ya shafa fuska. "Amma ni in ka tambaye ni, ka nemi samarin nan na ranar Lahadi. Abokan ango ne daga birni, su goma sha biyu. Haji ya koro tumaki ta gefen waya, suka yi masa dariya, ya tsine musu har kakanni. Ɗaya ya ce sai ya mayar da shi kala-kala."

"Yaushe suka tafi?"

"Wajen ƙarfe biyar."

"Yaushe aka ɗaura wa bindigar zare?"

"Bayan sun tafi. A hannun ango ta fara huci, iskar gas ɗinta na yoyo."

"Hanyar shigowa ɗaya ce, ta gaban masallaci. Motar birni ta bi ta nan da tsakar ranar Litinin, a ce tsofaffin da ke zaune a inuwa ba su ƙirga tayoyinta ba?" Suwailim ya miƙe da ƙyar. "Bar samarin nan, Kyaftin. Ka fi so a ce su ne, ni ma haka."

* * *

Kwarin duk tsakuwa ne, sai ɗan yashi nan da can. Suwailim ya ɗaga kwanonin ɗaya bayan ɗaya. Takalmin haya ne na filin, irinsa ƙafa sittin a sito, kuma ya yi wa mai shi yawa, yana jan diddige. Ba wanda zai karanta mutum a cikin takalmin da ba nasa ba, a kan dutse.

Bayan wani falalen dutse ya ga inda mutumin ya kwanta rub da ciki. Gurbin gwiwar hannu biyu, ƙafafu a ware, gefen takalma a kwance. Haka ake koyarwa a bariki. Amma rabin mazan garin sun yi soja, kuma Nizar ma ya yi nasa na tilas a ƙasarsu.

Ya zagaya dutsen yana dogara sanda, nan ya tsaya. A ɓangaren da rana ke duka, inda yashi ya taru, akwai tafin hannun dama. Ba dafawa aka yi ba. Cusa shi aka yi har wuyan hannu, aka zare, aka sake cusawa gefe, sau uku. Suwailim ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya taɓa yashin da bayan yatsa ya janye. Ko da hantsi ya fara ƙuna, balle da azahar.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya taɓa ganin inda mutum ya tona yashi neman sanyi. Bai taɓa ganin wanda ya nemi zafi a watan Agusta ba.

* * *

Haji Dakil na kwance a kan katifa a tsakar ɗaki, rabin kansa naɗe da bandeji. Ɗansa Mut'ib na tsaye bakin ƙofa kamar mai tsaron gidan yari. A garken da ke gefe Suwailim ya lura da tumaki biyu masu tabon rawaya a kuturi.

"Sannu, Haji. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin, Abu Hazza. Ka tsufa."

"Da ido ɗaya ma ka gani. Me ka ji ranar?"

"Huci. Ina sunkuye ina cire wa tunkiya ƙaya, na ji abu na huci bayan dutse kamar maciji. Na ɗaga kai in duba. Shi ke nan."

"Me ya haɗa ka da Nizar?"

Mut'ib ne ya amsa. "Tumaki suka ci ƙwallayen fentinsu ta ƙarƙashin waya, ɗan rago ya kwana yana zawo. Baba ya je ya yi magana, baƙon nan ya ce masa ai filin ba makiyaya ba ce. A gaban mutane. Baffa, wane bincike ya rage?"

"Kai ina kake ranar Litinin da azahar?"

Fuskar Mut'ib ta canza. "Ni kake tambaya?"

"An ce wata shida kana matsa masa ya sayar da tumakin nan, ku yi gini a filin. Kuma ka yi soja."

"Ubana ne."

"Na san ubanka tun kafin a haife ka. Ina kake?"

"Gidan surukaina, a Ziban. Mutum ashirin sun ci abinci da ni." Ya buga ƙofar da tafin hannu. "Ka tambaye su."

Suwailim ya juya ga tsohon. "Ta ina ka koro tumakin kafin ka shiga kwarin?"

Haji Dakil ya mayar da idonsa mai gani ga bango. "Inda Allah ya fitar da ciyawa."

* * *

Siton na warin roba da gumi. Nizar ya rame a kwana uku, gemu ya fito masa fari-fari. Suwailim ya sa aka kawo bindigar da akwatin kayan aikinsa, ya zauna a kan tulin taya.

"Abu Lama," ya ce da Nizar, "gyara min ita ina gani."

"Yanzu? Baffa, yau da dare za su..."

"Na sani. Gyara."

Nizar ya kama sufana. Ya kwance tukunyar gas ɗin, ya girgiza ta, babu komai a ciki. Ya cire ƙusoshi biyu, ya zaro bawul ɗin, ɗan guntun tagulla da bai kai babban yatsa ba.

"Nan take yoyo. Akwai wani ɗan zoben roba a ciki da ke riƙe iskar. Ranar Lahadi na duba, ya ɗan cinye a gefe, sai siririn huci. Aikin minti biyar ne, na bar shi sai Talata." Ya sa tsinken sakace ya ƙwaƙulo zoben, sai ya tsaya. "Wannan ba haka na bar shi ba."

Zoben ya kumbura ya yi laushi kamar zabibin da ya kwana a ruwa. Nizar ya matsa shi, ya dagargaje a yatsunsa. Ya shinshina, ya miƙa wa Suwailim.

Suwailim bai buƙaci a gaya masa ba. Shekara talatin da ɗaya warin nan na manne da rigarsa.

"Man bindiga," in ji shi.

"An tsiyaya mata shi har ya cika bawul. Baffa, duk wanda ya yi sati ɗaya a sana'ar nan ya san man nan cin roba yake. Giris ɗinmu daban ne." Ya nuna wani ɗan gwangwani. "Wanda ya yi wannan ya ji tana huci, ya yi mata abin da ya saba yi wa bindigar gaske in ta yi gardama. Da farko hucin zai lafa, ya ɗauka ya gyara. Bayan awa ɗaya zoben ya buɗe gaba ɗaya. Harbi ɗaya ya faɗi gabanka, na biyu ya tafi kamar dutse, kuma ba inda ka auna ba."

"Mut'ib zai ce kai ka zuba don a ce ba kai ba ne."

"Zai ce." Nizar ya sauke kai. Ya ɗauko sabon zobe daga kwalba, ya shafa masa giris da kan yatsa, ya zaunar da shi a gurbinsa, ya mayar da bawul, ya ɗaure. Ya jona cikakkiyar tukunya, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗin. Suka zuba ido. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Ta gyaru," in ji shi, kamar mai ba da labarin rasuwa.

"In ta buɗe gaba ɗaya tana hannun mutum, me zai yi?"

"Wanda ya sani, ajiye ta zai yi ya ja baya. Wanda bai sani ba zai damƙe wurin ya toshe, ko ya yi ƙoƙarin kwance tukunyar." Nizar ya sassauta tukunyar kaɗan, iska ta fito da ƙara, nan take tagullar ta yi fari fat da ƙanƙara. Ya ɗaure. "Taɓa gefe, kar ka daɗe."

Suwailim ya taɓa. Sanyin ya cije shi har ƙashi.

"Ƙuna ce sosai, sai dai ta sanyi. Fata ta yi fari, ta mutu, kwana biyu ta ɗuri ruwa. Mutum ji yake hannunsa ya zama icce, duk abin da ke da ɗumi nema yake ya cusa shi ciki."

"Buɗe hannuwanka."

Nizar ya buɗe. Baƙin giris a layukan tafi, tsohon tabo a babban yatsa, sai kanta. Babu alamar ƙuna.

Suwailim ya ƙura wa ƙofar siton ido har Nizar ya fara tsorata.

"Baffa, lafiya?"

"Gajiya ce. Ka wanke fuska, da la'asar za a zo da kai zaure."

* * *

Suwailim bai koma kan sawun mutumin ba. Sawun tumakin ya bi, da baya, daga inda Haji ya faɗi. Kashinsu ya bushe amma yana nan, ya hau da shi gangara, ya bi gefen wata tsohuwar katangar dutse har inda ta rushe. Ulu na maƙale a duwatsun.

Bayan katangar dashen zaitun ne, sahu shida, ba wanda ya kai ƙugun mutum. An gwaguye musu ganye da ɓawo, wasu tun bara, wasu kwanan nan. A gindin kowanne akwai ɗan rami da aka gyara da hannu don ruwa ya tsaya.

Suwailim ya san gonar. Da hannunsa ya taya dasa sahu na farko, shekara uku da suka wuce, ranar da mai ita ya ce masa wannan ne kaɗai abin da zai bar wa jikoki.

Ya zauna a kan katangar, rana na dukan rawaninsa. Yana iya komawa ya ce ƙasar tsakuwa ce, sawu bai karantu ba. Babu wanda zai musa masa, kowa ya san idonsa ya raunana. Ya zauna har inuwar sandarsa ta karkata, sannan ya tashi.

* * *

Zauren mai gari ya cika. Gidan Haji Dakil a dama, tsohon a jingine da matashi, Mut'ib da 'yan'uwansa kewaye da shi. Shimfiɗar hagu, inda dangin mai laifi ke zama, Nizar ne kaɗai a kai. Kyaftin ya zauna nesa da shi kaɗan. Sauran mutane sun jeru a bango, Mifli a cikinsu kusa da ƙofa, lulluɓe da alkyabba duk da zafin.

"Abu Hazza, muna saurare," in ji mai gari.

"Maƙogwarona ya bushe. A ba ni butar, yau ni zan zuba."

Aka kalli juna. Dattijo irinsa ba ya zuba gahawa a zauren wani. Amma aka miƙa masa. Ya riƙe butar da hagu, finjali a dama, ya fara daga mai gari yana magana a hankali.

"Wanda ya yi harbin ba Haji ya nufa ba. Tumaki ya nufa. Biyu na garke da fenti a kuturi. So yake ya sa musu alama a inda suka yi ɓarna, ya kawo su nan zauren, don an daɗe ana ce masa ba su ba ne."

Mut'ib ya karɓi finjali da dama, ya kurɓe, ya girgiza ya mayar.

"Ya ɗauki bindiga mai yoyo, ya zuba mata man bindiga kamar yadda aka koya mana. Ta buɗe a hannunsa. Ya damƙe ta, iskar ta ƙone shi da sanyi, ya cusa hannun a yashi."

Kyaftin ya karɓa da dama. Nizar ya karɓa da dama, Suwailim ya riƙe masa wuyan hannu ya juya tafin sama, kowa ya gani. Ya ci gaba da bin bango, mutum bayan mutum, gwiwoyinsa na ƙara, har ya iso bakin ƙofa.

Mifli ya miƙo hagu.

Ko yaron goye a garin nan ba ya karɓar gahawa da hagu.

"Da dama, ɗan baffa," in ji Suwailim.

"Waya ce ta yanke ni."

"Mu gani. Na sha ɗaure maka ciwo."

Mifli ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya zaro hannun daga alkyabba ya kwance tsumman da kansa. Tafin da yatsu huɗu sun ɗuri ruwa, gefen fatar ya yi toka-toka.

"Shekara uku," in ji shi. "Da jarka nake ɗauko wa zaitunan gonata ruwa. Sau biyar na zo gabanka, mai gari, sau biyar Haji ya rantse ba tumakinsa ba ne. Wallahi ban gan shi ba. Yana sunkuye a cikinsu. Da na ga ya faɗi na ce zan zo in faɗa, sai na ji an ce baƙon ne. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce gobe."

Mut'ib ya yunƙura, hannun ubansa ya kama masa riga.

"Zauna," in ji Haji Dakil. "Muna cikin lamuni."

Suwailim ya ajiye butar. Jinin da Mifli ya zubar ba a kan Mifli kaɗai yake ba, yana kan duk wanda ya haɗa kaka da shi, kuma babba a cikinsu yanzu shi ne Suwailim, wanda ya kamo shi. Ya taka zuwa shimfiɗar hagu ya tsaya a kan Nizar.

"Tashi, Abu Lama. Nan wurina ne, ba naka ba."

Nizar ya miƙe yana kallon fuskoki. Ba wanda ya kalle shi. "In tafi?"

"Tafi. 'Ya'yanka kwana uku ba su gan ka ba."

Ya fita, bai tsaya ɗaure takalmi ba. Suwailim ya dafa sanda ya sauka a hankali har ya zauna inda Nizar ya tashi, ya yafito Mifli da kai, Mifli ya zo ya durƙusa gefensa. Mai gari da kansa ya ɗauki butar ya zuba ya miƙa masa. Suwailim ya karɓa da dama, bai kai baki ba. Ya ajiye finjalin a ƙasa gaban Haji Dakil, kamar yadda mai roƙon sulhu ke yi har sai an amsa masa, ya harɗe hannuwa a kan gwiwa yana jira.